Mai Riƙe da Igiyar Kyalla

Gumel,
Lahadi, 9 ga Yuni.

Zuwa ga ɗana Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kana kuma tsayar da salla a kan lokacinta duk da hayaniyar kara, kasuwar shanun nan taku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ta dawo da halinta tun da aka fara hadari. An yi ruwa sau ɗaya ranar Talata, bai kai na shuka ba. Yayarka Bilkis ta zo daga Gagarawa jiya da yaranta, suna gaishe ka.

Na kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba. Hakan ma ya fi, domin ka san ni, maganar da take da nauyi ba na sakinta a iska. Na ba Dogo direba wannan takarda ya kawo maka Maigatari hannu da hannu.

Jiya da yamma Bilkis take nuna mini irin aikin da kake yi, wai kana ɗora bidiyon shanun kasuwar Alhamis a waya don masu saye na Kudu su gani su zaɓa. Ina kallo ina sa maka albarka. Sai aka zo kan wata jar saniya. Wani ɗan akwati mai ruwan ɗorawa ya kewaye ta, duk inda ta yi yana biye da ita. Ta kutsa cikin garke ya bi ta, ta juyo ya juyo. Sauran shanun da mutanen duk sun yi dishi-dishi, ita kaɗai ta fito tar, har ƙudan da ke kan tozonta ana gani. Na ce wa Bilkis ta maimaita. Sau shida ta maimaita mini. Farin da ya ratsa cikinta yana nan. Tsaga biyu a kunnen dama, irin ta gidanmu, suna nan. Ƙahon da ya ɓalle a baki yana nan. Zaharaddini, Kyalla ce.

Kai ka shigo gidan nan a cikin azumi, ka zauna a kan tabarmar nan, ka ce mini Kyalla ta ci leda a rugar Kawunka Ɗantala, cikinta ya kumbura, ta mutu kafin a kai ga wuƙa. Na yi kuka, kai ka ba ni haƙuri. Ka san ba tsadarta na yi wa kuka ba. Asalinta karsanar nan ce da Goggo, mahaifiyata, ta ba ni ranar da aka kai ni gidan mahaifinka, Allah ya jiƙansu su duka. Shekara talatin da ɗaya ke nan zuriyar karsanar tana hannun Ɗantala a Ɗanzomo. Ka san al'ada: idan dabbar amana ta mutu, makiyayi yakan kawo wa mai ita ƙirgi ko kunne ta gani da idonta. Ni na ce ka gaya masa kada ya kawo, domin tsakanina da ɗan kawuna babu neman shaida. Da bai zo ya yi mini jaje ba na ji ciwo, amma na ce nauyi yake ji, na haɗiye.

To ga matacciya tana yawo a kasuwar Maigatari, har da ƙiba. Akwai mutum riƙe da igiyarta, dogo, da malfa da shuɗiyar riga. Fuskarsa ba ta fito ba, na sa tabarau na cire, banza. Amma na san mai sa malfa da shuɗiyar riga a danginmu.

Tambayata biyu ce. Wane ne mutumin? Kuma yaya aka yi ka ɗauki hoton saniyar da ka sha nononta ba ka gane ta ba? Ka amsa mini a rubuce, Dogo zai jira.

Mahaifiyarka,
Safinatu Ismail.


Maigatari,
Laraba, 12 ga Yuni.

Inna,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, na ba Dogo man shafawa na wajen mutanen Damagaram, an ce yana da kyau. Ki gafarce ni da ban amsa a ranar ba, gab da Salla ne, ko abinci a tsaye muke ci.

Inna, bari in yi miki bayanin akwatin nan. Kyamarar wayoyin yanzu tana da wani tsari. In ka dangwala yatsa a kan abin da kake so, sai ta kama shi ta riƙe. Ko ya matsa, ko wani ya gifta ta gabansa, ba ta saki. Ita ce take binsa da kanta, ta fito da shi sosai, sauran kuma ta bar su a hazo. Don haka masu saye suke son aikina. Mutum yana Legas zai ga tafiyar dabba da haƙarƙarinta da idonta, ba sai an rikita shi da na kusa da ita ba. Amma mai ɗauka idonsa yana kan akwatin ne kada ya kuɓuce. A rana ɗaya shanu sama da hamsin suke wucewa ta wayata. Jajaye masu ratsin fari kuwa ba iyaka, daga Nijar ma suna shigowa. Tsaga biyu a kunne ba gidanmu kaɗai ke yi ba.

Ban ce ba ita ba ce. Ni dai roƙona, ki bar maganar Kawu a hannuna har in dawo. Gobe za mu loda tirela zuwa Legas, bayan Salla ina nan tafe. Ni zan je Ɗanzomo in same shi, mu yi ta maza. Don Allah kada ki je, kada kuma ki aika. Ki gaida Yaya Bilkis, ki ce mata ba komai ake nuna wa tsofaffi a waya ba.

Ɗanki,
Zaharaddini.


Gumel,
Lahadi, 30 ga Yuni.

Zaharaddini,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, an yi shuka, gero ya fito. Man shafawar ya yi amfani.

Yau kwana goma sha takwas da takardarka. An yi Salla an cinye nama, ba kai ba labarinka, wayarka kuma kullum a kashe. Dogo ya ce zai ba yaran tirela wannan su kai maka.

Na karanta amsarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka yi mini dogon karatu a kan kyamara, na gode, na ƙaru. Tambayata ta farko kuwa ka tsallake ta. Amma ni na haife ka. Da ba Ɗantala ba ne, da ka ce mini ba shi ba ne, kalma huɗu. Ka ce in bar maganar Kawu a hannunka, ke nan akwai maganar Kawu. Na gane kana rufa masa asiri ne don girmansa, wannan tarbiyyata ce, ban ƙi ba. Sai dai ka sani, rufa wa maci amana asiri ba ladabi ba ne, tarayya ce a cikin laifi. Kuma maganar tsofaffi da ka aika wa yayarka, ka adana ta, za mu yi ta in ka dawo.

Ranar Asabar akwai suna a gidan Habibullah, babban ɗan Ɗantala. An aiko mini da goro. Da na ce ba zan je ba. Yanzu za ni, kuma da Bilkis da wayarta.

Mahaifiyarka.


Gumel,
Litinin, 8 ga Yuli.

Zaharaddini,

Assalamu alaikum, domin sallama hakkin kowane Musulmi ce. Lafiyar jiki muna da ita.

Na je Ɗanzomo. Zan gaya maka abin da ya faru daki-daki, don kada wani ya rage maka ko ya ƙara.

Mun isa da hantsi, an riga an raɗa suna. Maza suna ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, mata a ciki. Ban shiga ciki ba. Na tsaya a gaban maza da mayafina, abin da ban taɓa yi ba tun da nake, na ce ina da magana da Ɗantala. Liman yana wurin, mai unguwa yana wurin, surukan Habibullah da suka zo daga Sule Tankarkar suna wurin. Ɗantala ya taso yana murmushi, ya ce, “Yau kuma 'yar birni ta tuna da mu? Shigo ciki mana, rana za ta ɓata miki fata.”

Na ce, “Ba shiga na zo yi ba. Ƙirgin Kyalla na zo karɓa.”

Ya ce, “Ƙirgi kuma?”

Na ce, “Ai ta mutu a hannunka. Ko kuwa a lahira ma ana cin kasuwar Alhamis ne?” Na karɓi wayar daga hannun Bilkis na miƙa wa Liman. Na ce su duba da kyau su ga mai malfa. Na faɗi maganganu, Zaharaddini. Na ce shekara talatin ina ajiya a ramin kura ban sani ba. Na ce Goggo tana kabari ana cin amanarta. Duk a gaban surukansa, ranar sunan jikansa.

Ya cire malfarsa ya riƙe a hannu, sannan ya ce, “Safinatu, ɗanki ya zo nan kwana uku kafin azumi da motar a-kori-kura. Ya ce kin ce a ba shi Kyalla, kin sami mai kiwo a kusa da ke. Na kwance ta na ba shi. Kwana biyu ban ci abinci ba, ina tunanin me na yi miki da za ki ɗauke dabba daga hannuna ba ko sallama. Na so in zo in tambaya, na ce mai abu ta karɓi abinta, in na je kamar roƙo ne.”

Na ce ƙarya yake yi. Da bakina na ce masa haka.

Hayaniya ta fito da mata. Mero, matarsa, ta karɓi wayar ta kalla sau ɗaya tak. Ta ce, “Yaya Safinatu, wannan ai da hagu yake riƙe da igiya, da hagu kuma ya ɗaga sanda. Malam ba bahago ba ne. Bahago ɗaya na sani a zuriyar nan.”

Na karɓa na duba. Sau nawa na kalli bidiyon nan a cikin wata guda, duk zuwan da Bilkis ta yi da wayarta? Ya fi ɗari. Kullum idona yana kan Kyalla, inda akwatin ya ce in duba. Ban taɓa kallon hannun ba. Hannun da na yi shekara biyar ina bugewa a bakin akushi don ya koyi ci da dama. Kafaɗar ma taka ce, irin ta mahaifinka, ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na gane saniyata a cikin shanu ɗari, ban gane ɗan da na goya ba.

Ban san yadda na fito daga garin ba. Bilkis ta ce Liman ya yi magana, ban ji ba. Abin da na tuna, Ɗantala ya aiko a biyo mu da ƙwaryar fura har bakin titi, don ba a barin baƙo ya tafi da ƙishirwa.

Ba zan tambaye ka ko kai ne ba. Ka rubuto ka gaya mini dalili.

Safinatu.


Legas,
15 ga Yuli.

Inna,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Ina lafiya, zazzaɓi ne ya ɗan taɓa ni ya sake.

Ni ne. Abdurra'uf abokin aikina ne ya riƙe wayar, ni na ja igiyar, domin Kyalla ba ta yarda da baƙon hannu. Malfar aro na yi saboda rana. Wallahi ban sa ta don a ce Kawu ne ba. Ni na ce wa Abdurra'uf ya dangwala a kan saniyar, na san fuskata ba za ta fito ba. Na kuma san ƙaramar wayarki ba ta buɗe bidiyo. Yaya Bilkis ce ban kawo a raina ba.

Inna, shekara shida ina kara. Na fara da kora, na koma loda, yanzu ina ɗaukar hoton shanun mutane suna arziki ina kallo. Sa'o'ina duk suna da nasu a cikin tirela, ni ko akuya. Sau biyu na roƙe ki ki ba ni Kyalla in ja jari, kika ce dabbar Goggo ba ta kasuwa ba ce, za ta mutu a inda uwarta ta mutu. Ta tsufa, Inna, haihuwa ɗaya ta rage mata ko babu. Na turke ta wata uku a bayan kara, na sayar gab da Salla. Niyyata in juya sau biyu, in sayi karsana biyu in kai rugar Kawu, sannan in zo in durƙusa in gaya miki komai. Na san ke ba za ki tambaye shi ba, shi ma ba zai tambaye ki ba. A kan wannan na dogara, kuma shi ya fi damuna yanzu.

Na roƙe ki kada ki je. Da kin jira ni da ba a kai nan ba. Ban faɗi haka don in ɗora miki ba. Karsanan suna nan tafe kafin kaka, in sha Allahu. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Zaharaddini.


Gumel,
Lahadi, 21 ga Yuli.

Zaharaddini,

Na amsa gaisuwarka. Allah ya raba ka da zazzaɓi. Gwiwa ta tashi, amma ba ita ce a gabana ba.

“Da kin jira ni.” Ka rubuta wannan da hannunka, ka kuma ce ba ɗora mini kake yi ba. Na aiko maka tambaya a fili, wane ne mutumin. Kana da takarda, kana da biro, ka ga inda zargina ya nufa. Ka zaɓi ka koya mini yadda kyamara take aiki. Saniya ka sata sau ɗaya. Kawunka kuwa sau biyu ka sayar da shi: ranar da ka yi masa ƙarya da sunana, da ranar da ka bar ni na tafi da wuta a bakina. Laifin bakina nawa ne, zan amsa shi a gaban Allah, ban ce ka ɗaukar mini ba. Amma ka auna kunyata da kawaicinsa, ka ga akwai rata a tsakani wadda saniya za ta wuce, ka bi da ita ta nan. Ɗan kasuwa bai isa ya yi wannan lissafi ba, sai ɗan gida.

Ranar Alhamis Habibullah ya zo da mota. Ya sauke maraƙar Kyalla, wadda aka yaye bara, ya ɗaure ta a jikin dalbejiyar tsakar gida. Ya gaishe ni a tsaye. Ya ce mahaifinsa ya ce ga abin da ya rage nawa a hannunsa, a duba ko da abin da ya ɓata. Ko ruwa bai sha ba.

Kwana uku ke nan tana kuka. Ba ta san dusa ba, ba ta san katanga ba, ta ƙi cin harawar da na saya. Maƙwabta suna leƙowa suna tambaya, ni kuma ba ni da amsar da zan bayar wadda ba ta da sunanka a ciki.

Ga abin da na yanke. Ranar Asabar mai zuwa, 27 ga wata, ka zo Gumel. Za mu sa maraƙar nan a mota mu tafi Ɗanzomo tare. Na aika wa Liman da mai unguwa, na roƙi a kira har surukan na Sule Tankarkar. A ƙarƙashin tsamiyar da na tsaya za ka tsaya, ka faɗi abin da ka rubuto mini da bakinka, ba malfa. Ni ma in faɗi nawa. Sannan ka miƙa wa Kawunka igiya. Dogo ya tabbatar mini tirelarku tana isowa Maigatari ranar Laraba, don haka ba ka da uzurin hanya.

Mahaifiyarka.


Gumel,
Litinin, 29 ga Yuli.

Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwa mai yawa ranar Juma'a, katangar bayan gida ta tsage.

Na jira ka ranar Asabar har azahar. Mai mota ya yi ta danna oda a ƙofar gida. Dogo ya ce ya ba ka takardata a hannu ranar Laraba, ya ce ka karanta a gabansa, ka ninke ka sa a aljihu, washegari kuma ka bi wata tirelar. Saƙon da ka turo wa Bilkis na hoton karsana biyu ta nuna mini. Sun fito da kyau.

Na tafi ni da Bilkis da maraƙar. Mutanen duk sun zo, har da waɗanda ban gayyata ba. Na tsaya inda na tsaya, na ce ni Safinatu na yi wa ɗan'uwana ƙazafi, ɗana ne ya ɗauki saniyar, ya yi wa kowannenmu ƙarya. Na durƙusa a kan gwiwar nan, sai da Mero ta kama ni na iya tashi. Wani daga cikin surukan ya tambaya ina yaron. Na ce yana wurin aiki.

Ɗantala ya ce ya yafe, duniya da lahira. Na miƙa masa igiya ya karɓa. Maraƙar tana jin ƙanshin garke ta daina kuka.

Sai ya ce wa Liman da mai unguwa su matso su zama shaida. Ya ce wa Habibullah ya fito da waya. Ya ce in tsaya a jikin maraƙar in dafa ta, a ɗauke mu tare, kunnenta ya fito, fuskata ma ta fito, a tura wa Bilkis ta ajiye. Ya ce daga yau duk wanda zai karɓi dabbar nan, ko ni ce, sai a gaban mutum biyu. Shekara talatin da ɗaya ba mu taɓa ƙirga ko kofato a tsakaninmu ba. Tun muna yara ba ya kirana sai da baiwata, ni in ce masa bawan gidanmu, wasan taubasai. Ranar Asabar Malama Safinatu ya kira ni, har sau uku, cikin ladabi. Na tsaya aka ɗauka. Ban ga laifinsa ba.

Kada ka aiko da karsanan nan, ba ni da wurin ɗaure su, shi kuma ba zai karɓa daga hannun direba ba. Kada ka sake rubuto mini, na gaya wa Dogo ya daina karɓa. Ban tsine maka ba, ba kuma zan tsine ba, ina yi maka addu'a bayan kowace salla kamar yadda na saba. Ɗakinka yana nan, ana share shi. Amma duk ranar da ka tashi zuwa gidan nan, ka fara sauka a Ɗanzomo. In ka iso ƙofata zan tambaye ka ta ina ka biyo, kuma a wannan karon sai na aika an tambayo.

Mahaifiyarka,
Safinatu Ismail.